Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Wa Ya Kashe Mana Wuta?



A shafin ra'ayi na wannan fitowa ina so in taɓo wata magana wadda kowa a cikinmu ya taɓa ji, wasunmu ma mun taɓa faɗa da bakinmu. A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe kwana da kwanaki babu wutar lantarki, mahaifina ya aike ni kai cajin wayarsa wani shago da ke bakin hanya. Na tarar ana ta muhawara. Wani dattijo da ke zaune a kan benci ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar wahal da kanku. Wutar ga da gangan anka kashe ta. So a kai a durƙusar da Arewa." Nan take wani saurayi ya fiddo wayarsa ya kunna mana wani saƙon murya na WhatsApp, inda wani mutum yake rantsuwa cewa wani babba a Abuja ne ya tsegunta masa sirrin. Babu wanda ya tambayi sunan mai maganar, balle sunan babban da ya tsegunta masa. Ni ma ban tambaya ba. Na dawo gida na maimaita wa ƙannena labarin kamar a gabana aka yi.

Kwana biyu bayan haka, a darasin kimiyya, na sake jefo maganar. Malam bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi wa aji: "Wa zai gaya mini daga ina wutar da ke zuwa Sakkwato take tasowa, kuma ta wace hanya take biyowa?" Aji ya yi tsit. Mu da muka san wanda ya kashe wutar da dalilinsa na kashe ta, ba mu san ko ta ina take zuwa ba. Kunyar da na ji ranar ita ta sa na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na gano shi ne nake so mu duba tare.

Abin da ya faru a watan Oktoba

Wutar da ke zuwa Kaduna da Kano da sauran jihohin da ke maƙwabtaka da su tana bin wani babban layi ne daga Shiroro ta jihar Neja zuwa tashar Mando da ke Kaduna. Wannan layi ya ratsa dazuzzukan da 'yan bindiga suka mamaye. An lalata turakunsa, kuma kamfanin TCN, wanda shi ke kula da manyan layukan dakon wuta na ƙasa, ya ce ma'aikatansa ba za su iya shiga wurin gyara ba sai da rakiyar sojoji. Da wannan hanya ta toshe, sai aka koma tura wuta ta wani layi da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurɗi, daga nan ya haura Jos. Ranar 21 ga Oktoba shi ma wannan layin ya samu matsala. Daga nan sai duhu.

Rahotanni sun ce jihohi 17 abin ya shafa. Masu walda da teloli da masu injin niƙa suka zauna hannu rabbana. Ƙanƙara ta yi tsada, ruwa ya yi wuya a birane saboda babu wutar da za a tayar da famfo, asibitoci suka koma dogaro da janareto ga kuma tsadar mai. Ranar 28 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya kira Ministan Lantarki Adebayo Adelabu da mai ba shi shawara kan tsaro Nuhu Ribadu ya ba su umarnin a gaggauta gyara. A ranar ce kuma gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a Kaduna suka koka kan lamarin. Sai ranar 30 ga wata aka fara samun wuta ta layin Ugwuaji bayan an gyara shi.

Me ya sa faɗuwar layi ɗaya ko biyu za ta jefa rabin ƙasa cikin duhu? Malam ya yi mana bayani da misalin da kowa ya gane. Wutar lantarki ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a riƙa ɗiba. Yadda ake samar da ita haka ake shanye ta nan take, kuma dole abin da tashoshi ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja. Idan babban layi ya faɗi, kayan da yake ɗauke da su sai su koma kan wanda ya rage. Ku ɗauka gada ta karye a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, sai a ce duk tirelolin da ke bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal su koma wata 'yar hanyar ƙauye. Kwana nawa hanyar za ta yi? Haka layin wuta yake. Idan kaya suka yi masa yawa, na'urorin kariya kan yanke shi da kansu don kada ya ƙone.

Mu a nan Sakkwato tamu wutar daga Kainji take tasowa, ta biyo dogon layi zuwa Birnin Kebbi, daga can a raba ta. Kun tuna tsakiyar watan Satumba na 2023, lokacin da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta ƙone manyan taransifomomi biyu? Kebbi da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara duk muka shiga duhu a dare ɗaya. A 2025 kuma guguwa ta kayar da turaku a kan wannan layi a cikin jihar Kebbi, muka sake komawa gidan jiya. Ita dai guguwa ba ta da katin jam'iyya. Ciwonmu da na Kano iri ɗaya ne: miliyoyin mutane a rataye a jikin igiya guda, babu ta biyu mai ƙarfi da za a kama idan ta tsinke.

Ruwa ba ya tsami banza

Ba na so a fahimce ni a matsayin mai raina dattijon da na ji a shagon caji. Zarginsa yana da tushe, kuma duk wanda ya ce mutane wauta ce ta sa suke zargi bai yi adalci ba.

Duhun ya zo ne a lokacin da zukata suke cike. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na 2023, abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 aka sanar da mayar da wasu sassan Babban Bankin Ƙasa da hedkwatar hukumar filayen jiragen sama daga Abuja zuwa Legas, abin da ya ɓata wa 'yan Arewa da yawa rai. A watan Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa wadda ta fi zafi a biranen Arewa. A watan Oktoban kansa ana cikin taƙaddama kan ƙudurin gyaran haraji. Ga shi kuma an kwashe kusan mako guda cikin duhu kafin a ji fadar shugaban ƙasa ta motsa. Mutane suka yi tambayar da ta dace: da Legas ce ta kwana bakwai babu wuta, haka za a yi shiru? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma ina yin ta.

Akwai wani abu kuma da mu mutanen kan iyaka muka gani da idonmu. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon watan Agusta, a cikin takunkumin ƙungiyar ECOWAS. Ta layin nan namu na Birnin Kebbi wutar take bi zuwa Yamai, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa a lokacin. 'Yan'uwanmu na can sun sha wuya har zuwa watan Maris na 2024 da aka mayar. To wanda ya ga an yi amfani da wuta a matsayin bulalar siyasa a kan maƙwabcinsa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka shi ma an juyo kansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu lura da kyau. Lokacin da aka yanke wa Nijar wuta da gangan, abin bai ɓoyu ba. An yi taron shugabanni, an fitar da sanarwa, kamfanin lantarki na Nijar ya faɗa, gidajen rediyo suka ɗauka. Yanke wuta ga jama'a masu yawa aiki ne da ke bi ta hannun injiniyoyi da ma'aikata da dama, kuma a cikin ma'aikatan TCN akwai 'yan Sakkwato da Kano da Barno waɗanda iyayensu da 'ya'yansu suka kwana cikin wannan duhu. A ce duk sun haɗa baki sun rufe, babu ko ɗaya da ya fito da takarda ko shaida har yau, wannan sai an kawo hujja kafin in yarda. Turakun da aka lalata kuwa an nuna hotunansu, kuma mutanen Shiroro sun san su wa ke riƙe da dajinsu.

Sai maganar da ake yawan yi cewa wutarmu ake kwashewa a kai Kudu. Gaskiya ne manyan madatsun ruwa suna Arewa: Kainji da aka gama a 1968, Jebba, Shiroro da ta fara aiki a 1990, da kuma Zungeru ta baya-bayan nan mai megawat 700. To amma kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar nan daga tashoshi masu amfani da iskar gas take fitowa, kuma galibinsu a Kudu suke, kamar Egbin ta Legas. Duk a tukunya ɗaya ake zubawa a raba. Shi ya sa ma da layin Shiroro ya faɗi, daga Enugu aka riƙa turo wa Kano wuta. Abin takaicin shi ne tukunyar kanta ƙarama ce. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a mafi yawan ranaku.

Wa ke cin ribar jita-jita?

Ga inda ra'ayina ya tsaya. Labarin "da gangan aka kashe" yana da daɗin ji, domin yana ba mu maƙiyi guda ɗaya, mai nisa, wanda ba za mu taɓa haɗuwa da shi ba. Mu zage shi, zuciya ta yi sanyi, mu kwanta. Amma wannan labari yana wanke mutane da yawa waɗanda ya kamata a ce sun amsa tambaya.

Tun 1972 aka kafa NEPA. Aka mayar da ita PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin samarwa da na rarrabawa a 2013. A tsawon waɗannan shekaru 'yan Arewa sun yi shugabancin ƙasa, sun yi ministocin lantarki, sun yi sanatoci da 'yan majalisa. Me ya hana a gina layi na biyu da na uku masu ƙarfi zuwa Arewa maso Yamma? Aikin madatsar Mambila a jihar Taraba, wanda aka ce zai ba da megawat 3,050, tun kafin a haifi wasu malamanmu ake maganarsa, har yau babu wuta ko ta kwan fitila ɗaya. A nan gida, tun 2008 aka ba da aikin tashar lantarki ta jihar Sakkwato mai megawat 38, gwamnatoci suka zo suka wuce ana ta cewa saura ƙiris. Tun watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar da ta ba jihohi damar kafa nasu tsarin lantarki da hukumar kula da shi. Mu da Allah ya hore wa rana wadda har kuka muke yi da zafinta a watan Afirilu, ina manyan gonakin sola namu? Sannan su wa suka bar daji a hannun 'yan bindiga har injiniya ba zai iya hawa turke ya ɗaura waya ba?

Waɗannan tambayoyi kowace tana da mai amsa ta, da sunansa da ofishinsa. Wasu suna Abuja, wasu suna Kaduna, wasu suna cikin garin Sakkwato, wasu ma muna gaisawa da su ranar Sallah. Duk ranar da muka yarda cewa wani ɓoyayyen hannu ne ya danna maɓalli, mun sallame su ke nan. Ɗan siyasar da ya yi shekaru a majalisa bai taɓa tambayar inda aka kwana kan layin Birnin Kebbi ba, shi ne zai fi kowa ɗaga murya cewa an tsani Arewa, domin ya san muddin muna kallon nesa ba za mu dubi ƙafarsa ba.

Kuma kada mu manta da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke sace wayar taransifoma da man cikinta a unguwanni? Wa ke sayen ƙarafan turaku a matsayin kayan gwangwan? Wa ke jan wuta ta bayan mita? Ba daga Legas ake turo su ba.

Saboda haka ni ina ganin sakaci ne ya kashe mana wuta, sakacin shekara da shekaru, na nesa da na kusa. Sakaci kuwa shi ma siyasa ne, domin zaɓi ne shugabanni suke yi na inda za a kashe kuɗi da inda za a yi watsi. Wanda ya ce an yi wa Arewa riƙon sakainar kashi a fannin lantarki yana da hujjojin da zai jera. Wanda ya ce an zauna a ɗaki an shirya kashe wuta ranar 21 ga Oktoba, shi ne har yanzu muke jiran hujjarsa. Idan muka cakuɗa biyun, ƙaryar sai ta ɓata gaskiyar, mai mulki ya samu abin da zai yi mana dariya da shi.

Mun taɓa biyan kuɗin jita-jita

Arewa ta san tsadar wannan abu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikin yaran da aka sa a gwajin sun rasu. Wannan ya faru da gaske, har an kai ga kotu da biyan diyya. Shekaru bakwai bayan haka, a 2003, sai aka yaɗa cewa allurar shan inna tana hana haihuwa. Mutane suka tuna abin da ya faru a baya suka yarda. An dakatar da rigakafi a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma yaran da suka shanye 'ya'yan talakawanmu ne. Tsoron yana da asali, amma hukuncin da aka gina a kansa kuskure ne, kuma mu muka ɗauki asarar. Sai da sarakuna da malamai suka tashi tsaye shekaru masu yawa kafin a ayyana Afirka ta rabu da cutar a 2020.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ke da wannan hali. Ranar 28 ga Afirilu na 2025 wuta ta ɗauke a ƙasashen Sifaniya da Fotugal baki ɗaya. Kafin yamma intanet ta cika da labarin cewa harin kwamfuta ne daga wata ƙasa. Bambancinsu da mu shi ne an mayar da wutar cikin kusan kwana guda, kuma a watan Yuni gwamnatin Sifaniya ta fitar da rahoton bincike wanda ya ce ƙarfin wutar ne ya haura ƙima a kan layuka, babu wani hari. Duk inda hukuma ta yi bayani da wuri, jita-jita ba ta daɗewa. Inda kuwa aka bar mutane kwana da kwanaki babu wuta babu bayani, dole su ƙirƙiro nasu. Wannan laifin hukumominmu ne, kuma ya kamata su ji shi.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwana ɗalibai, a gidaje da yawa a Dingyaɗi mu ne masu karanta wa iyaye saƙo, mu ne masu riƙe da waya. Labari ta hannunmu yake shiga gida. Don haka ina ba mu shawara, ni ma har da kaina, kafin mu tura wani saƙo gaba mu yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya faɗa, yana da suna da fuska? Shi ganau ne ko jiyau? Wata kafa da aka sani, kamar gidajen rediyon da iyayenmu ke saurare safe da yamma, ta kawo labarin? Sannan wa zai amfana idan na yarda? Saƙon da ya fara da "an ce" ya ƙare da "ka tura wa mutum goma" ya riga ya faɗi jarrabawa.

Hakan ba yana nufin mu gaskata duk abin da gwamnati ta faɗa ba. Ita ma a yi mata waɗannan tambayoyi huɗun, har da ƙari. Idan ta ce an gyara, mu ce yaushe, nawa aka kashe, kuma me aka yi don kada a maimaita?

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. A taimaka mana mu zana taswirar hanyar wutarmu a manna a wannan allo, tun daga Kainji zuwa Birnin Kebbi zuwa Sakkwato har zuwa taransifomar da ke kusa da makaranta. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida kuma ta buɗe littafi, kullum a rubuta ƙarfe nawa aka kawo wuta, ƙarfe nawa aka ɗauke. A ƙarshen zango mu haɗa lissafin mu rubuta wasiƙa cikin ladabi zuwa ga kansilanmu da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu. Takarda mai ɗauke da ranaku da awoyi ta fi saƙon murya ɗari nauyi, domin ba a iya cewa ƙarya ce.

Na koma shagon cajin nan bayan wasu makonni, na tarar da dattijon a kan bencinsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka san wutarmu daga Kainji take zuwa, kuma layi ɗaya ne tal?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Layi guda? Duk shekarun ga? To mi wakilanmu ka yi?" Na ce masa wannan ita ce tambayar da mu ma za mu rubuta mu aika.

Allah ya ba mu haske a gidajenmu da kawunanmu. Mai ra'ayi saɓanin nawa, akwatin ƙungiya yana ofishin malamai, kuma za mu manna amsarsa a fitowa ta gaba.

Daga ɗalibin aji uku na babbar sakandare, ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.